Kafin ka sayi kuloci mai ƙarfi, ka fara leƙa ƙarƙashin motarka

Makon jiya na raka wani ƙanina gareji da BMW ɗinsa, 330Ci ƙirar E46. Wata uku da suka wuce ya sa mata kuloci na tsere, irin mai faranti kamar tauraro, kunnuwa shida na yumɓun siramik, tsakiyarsa babu sifirin ko ɗaya. Da aka ɗaga motar, bakanike ya haska fitila ya ce, "Yallaɓai, zo ka gani da idonka." Robar nan da ke haɗa giyabos da furofela, wadda ake kira guibo, ta tsattsage, har zaren cikinta ya fito kamar bakin tsohuwar tabarma. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san kuɗin da yaron ya tara kafin ya sayi kulocin nan.

Abin da ya ja shi rubutu ne a jikin kwali: Stage 4, wato mataki na 4. Matasanmu masu gyaran mota don wasa sun ɗauka lambar nan ma'auni ce, alhali kowane kamfani da yadda yake lissafa tasa. Mataki na 2 na wannan yana iya fin mataki na 3 na wancan riƙo. Abin dubawa shi ne ƙarfin juyin da kulocin zai iya riƙewa, wanda ake rubutawa da Nm. Ƙarfin doki ba shi ne ke sa kuloci ya zame ba, ƙarfin juyi ne.

To mu yi lissafi. Injin M54 mai lita 3 da ke cikin 330 yana ba da doki 231 da juyi Nm 300 daga kamfani. Ba shi da tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Ko ka canja salansa, ka canja matatar iska, ka taɓa kwamfutar injin, abin da za ka ƙara kaɗan ne. Ita kanta M3, wadda ta fi ƙarfi a wannan ƙirar, mai doki 343, juyinta Nm 365 ne. Me za ka yi da kulocin da aka ƙera don motar da ta ninka wannan? A ganina, ka nemi wanda ya ɗara juyin injinka da kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ka tsaya nan. In ka sa tobo ko sufacaja, wanda shi ma iska yake cusa wa inji, sai a sake zama a yi lissafi.

Abin da mutane ba sa son ji shi ne, kuloci mai laushi rahama ne ga sauran motar. Faranti na yau da kullum yana ɗan zamewa kafin ya kama, sifirin ɗin tsakiyarsa suna shanye girgiza, fulawil, wato faifan ƙarfen inji da kuloci ke kamawa, mai hawa biyu ne motar ta zo da shi, shi ma yana shanye tasa. Ka cire waɗannan duka, ka sa wanda yake cafkewa lokaci guda, dukan bai ɓace ba. Ya wuce ne zuwa giyabos, zuwa guibo, zuwa boris ɗin tsakiyar furofela, zuwa aksul na baya. A E46 kuwa akwai sanannen rauni: ƙarfen gindin mota yana tsagewa a wuraren da aka ɗaure mazaunin aksul na baya. Masu wasa da motar nan a ko'ina cikin duniya sun san sai an yi waldar farantan ƙarfafawa a wurin. Wanda bai yi wannan ba ya je ya sayi kuloci mai kunnuwa shida, wallahi ya fara gini daga rufi.

Sannan a ina kake tuƙin? Ƙanin nan nawa sau biyu a wata yake zuwa filin wasa. Sauran kwanakin yana cikin cunkoso ne, tsakanin 'yan adaidaita sahu, taka ka saki, taka ka saki. Motar tana karkarwa duk tashi, tana mutuwa a danja, ƙafarsa ta hagu tana ciwo kafin ya isa gida. Siramik ba ya son a riƙe shi rabi da rabi, cin fuskar fulawil yake yi.

Fulawil mara nauyi ina sonsa, injin yana amsa totur da sauri. Amma ka sani zai riƙa ƙara a silo kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma lallai ka haɗa shi da faranti mai sifirin. Kowane kuloci ka saya, yawancin masu ƙerawa suna so a yi wajen kilomita 800 ana tuƙin cikin gari a hankali kafin a matsa masa. Yawancin yaranmu daga gareji sai fili.

Da ni ne, kuɗin nan aksul zan fara kai su. 330 ba ta zo da aksul mai kulle tayoyi biyu ba, M3 ce ke da shi, shi ya sa a 330 taya ɗaya ke ta juyawa a banza. Walde cikin aksul ɗin don tayoyin biyu su riƙa juyawa tare ya fi arha, amma motar da ake kai yara makaranta da ita ba ta dace da haka ba, musamman da damina.

Mun bar motar a gareji. An yi odar sabon guibo da bushin, mai walda zai duba gindin ranar Asabar, kulocin tseren kuma yana cikin kwalinsa ana neman mai saye.