Rashin inji bai ba keke damar shiga ko'ina ba

Mutane da dama na zaton tunda keke ba hayaƙi ba ƙara, mai shi zai iya bin duk hanyar da ya ga dama a gandun dajin gwamnati. A Amurka abin ba haka yake ba.

Ga misali dajin Pisgah da ke tsaunukan jihar Karolina ta Arewa, wanda aka kafa a 1916. Masu keken hawa dutse na tururuwa can saboda gangara mai tsakuwa da saiwoyin itatuwa da suka gitta hanya, kuma hanyoyi da yawa a buɗe suke gare su. Amma akwai yankuna irin su Shining Rock da Linville Gorge da wata dokar 1964 ta keɓe, ta hana shiga da kowane abin hawa mai na'ura, ko da ba shi da inji. Keke kuwa yana da sarƙa da feda, don haka haramcin ya hau kansa. Can sai dai mutum ya jingine shi ya taka sayyada.

Keken lantarki ma nasa ya fi tsauri: hukumar gandun daji tana lissafa shi cikin masu inji, sai hanyar da aka ba shi izini kawai zai bi.