Wanda ya yi tsit ba lallai dangana ya yi ba

Jama'a, mu daina cewa "wane akwai dangana" don kawai ya tsira daga hari bai zubar da hawaye ba. Tun harin yankin Tillia na watan Maris 2021, inda aka kashe mutum 137, jihar Tawa ba ta rasa waɗanda suka ga tashin hankali da idonsu ba. Wasu firgita suke yi da mugun mafarki, kowa ya gane su. Wasu kuwa sandarewa suke yi: ana cikin hira ido ya kafe, a kira suna sau uku ba amsa. In ya dawo ya ce jikin kamar ba nashi ba, ko gidansu ya zame mishi baƙon wuri, ko ya rasa inda rabin yini ya shige.

Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa suka ware wannan a matsayin nau'i na ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i. Sa'ad da babu halin gudu, babu halin faɗa, ƙwaƙwalwa takan dushe jin tsoro da zafi. Matsalar ita ce ta saba. Ƙarar moto ko warin hayaƙi kaɗai sai ta sake rufewa.

In abin ya taso, kada a yi mishi taro, kada a jijjiga shi, kada a tura mishi turare a hanci. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya zauna gabanshi, ya kira sunanshi a natse, ya faɗa mishi inda yake da ranar da ake ciki. A sa mishi ƙanƙara ko ruwan randa a tafin hannu, ƙafafu a ƙasa. Ya ambaci abu 5 da yake gani, 4 da yake taɓawa, 3 da kunnenshi ke ji. Ban da "ba mu labarin abin da ya faru", wannan tambayar ce ke maida shi can.

Addu'a kam a yi ta. Amma dukan mutum da sunan korar iska sabon rauni ne bisa tsoho. Haka diazepam da tramol na masu tallan magani: ƙara dushe shi suke yi, ga kamu.

In an wuce wata ɗaya abin na dawowa, a je CSI, wato ƙaramin asibitin gari ko unguwa, a nemi takardar zuwa babban asibitin Tawa ko Pavillon E, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai. A tafi da wanda ya taɓa ganin abin da idonshi, in da hali da bidiyo a salula, don farfaɗiya ma takan zo da kafewar ido, kuma maganinta dabam ne.