Zakin da na gani a Masai Mara

Yaya ne ya kafe sai mun je Kenya kallon namun daji, kamar Yankari ta yi mana wani laifi. Muka sauka Nairobi a watan Agusta, mota ta bi da mu ta garin Narok har gandun dajin Masai Mara, jikina duk ya yi tsami. Lokacin ne shanun dajin nan masu gemu, sama da miliyan, ke baro Serengeti ta Tanzaniya su tsallaka kogin Mara, kadoji na dakonsu a ruwa. Muka yi cirko-cirko a bakin kogi, su ma sun tsaya suna ta shawara.

Can sai shayin safe ya fara aiki. Dokar wurin ba a sauka daga mota. Na daure, na ƙara daurewa, na ce wa direba bawan Allah abin fa ya kai intaha. Ya ja mu wani fili inda wata mota ta tsaya, ya duba gabas da yamma, ya ce in zagaya baya in yi maza. Na ɗauki butata, eh da buta na je, na tsuguna gefen wani rami. Ko farawa ban yi ba sai ƙura ta tashi, wani abu ya fito daga ramin a sukwane yana gurnani.

"Zaki! Innalillahi, zaki!"

Buta ta yi sama, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Mazagin wando a hannuna, na kwasa da gudu na afka motar da ba tamu ba, na zube kan cinyar wani dattijon Bature, ina ta ce masa ya rufe ƙofa, da Hausa kuma. Shi ko motsi bai yi ba. Yatsa kawai ya nuna mini ta taga.

Gadu ce. Ita da 'ya'yanta a jere, kowa ya ɗaga wutsiya tsaye, su ma ta kansu suke yi.

Matar dattijon ta miƙo mini ruwa tana danne dariya, wannan na yafe. Wanda ban yafe wa ba Yaya ne. Mutumin da tun safe yake kukan wayarsa ba caji, ya ƙi ɗaukata hoto da giwa, ya ƙi da raƙumin dawa, ashe yana da cajin ɗaukar bidiyo tun daga tsugunno har cinya. Kafin mu koma masauki ya tura rukunin gidanmu na WhatsApp. Goggo ta bugo tana kuka wai zaki ya taɓa ni, autarmu kuma ta canja mini suna a wayarta zuwa Sarkin Dawa. Shi kuwa Yaya, ko kuɗin man da na ranta masa ranar wani suna har yau shiru. Na yi masa magana a jirgi, wai mu bari mu sauka tukuna.