Alhaji Zai Buɗe Lokeshan

Teburin mai shayi ne a bakin Zoo Road bayan isha'i. Bazazzagi na tsoma burodi, sai ga Alhaji Dillali ya faɗo yana haki.

Alhaji: Mai shayi haɗa min mai kauri, ƙwai uku. Yau na gano inda arziki ya kwanta.

Bazazzagi: Bakano kenan. Jiya ma haka ka ce, ka ƙare da dillancin kejin kaji.

Alhaji: Yi min shiru bawana. Yaron wajena ne ya nuna min a waya, wani ƙauye a Maroko, Ait Ben Haddu, gidajen ƙasa ne zalla irin na cikin gari, wai a nan aka ɗauki wani ɓangare na Gladiator, fim ɗin 2000, to tun daga nan Turawa ke zuwa bas-bas, wannan ya sayar musu da darduma, wancan ya ba da hayar raƙumi, yaro ma in ya nuna maka inda jarumi ya tsaya sai ka sallame shi.

Mai shayi: Masu shayinsu fa Alhaji, hannu da hannu ake biyansu?

Alhaji: Kai kullum tunaninka bai wuce bakin tukunya.

Mai shayi: Yo ai ni na ga lokeshan da idona. Wata rana 'yan fim suka zo layinmu, suka tare hanya da igiya, janareta na ta ihu tun hantsi, mai kura da ruwansa aka ce ya zagaya, akuyar maƙociyata ta shiga kyamara sau uku darakta na ta salati. Suka ari bencina, suka ci indomi goma sha biyu, furodusa ya ce in rubuta, in fim ya fito zai turo.

Bazazzagi: Ya fito?

Mai shayi: Ya fito har an manta da shi. Bencin dai ya yi suna, amma ƙafarsa ɗaya ba ta dawo ba.

Bazazzagi: Kuma Alhaji ba a gaya maka ɗaya ɓangaren ba. A Tailan akwai bakin ruwan da ake ce wa Maya Bay, fim ɗaya ya tallata shi, jiragen ruwa suka yi ta sauke jama'a har wurin ya lalace, sai da gwamnati ta rufe shi a 2018, ba a sake buɗewa ba sai 2022.

Alhaji: To ai sai da suka ƙoshi sannan suka rufe. Allah ya kawo mana irin wannan matsalar.

Mai shayi: Ta taɓa zuwa har bakin ƙofa ai. A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina alƙaryar fim a Kofa ta Bebeji, malamai suka ce ba da su ba, gari ya ɗauki zafi, aka fasa. Ni har na sayi babbar tukunya zan buɗe reshe. Ga ta can uwargida na jiƙa wanki a ciki.

Alhaji: Ni ba ruwana da gwamnati. Gidanmu na gado zan ba da haya, soro da zaure da azara da dagi a jikin bango, in an gama ɗauka in kafa tebur a ƙofa, shiga dubu biyu, hoto dubu ɗaya, Bature kuma dala. Daga nan in tura su marinar Ƙofar Mata da Dutsen Dala da Gidan Makama, ko'ina da kamashona.

Bazazzagi: Tsaya tukuna. Ba gidan da ka rushe bara ka yi shaguna shida ka manna musu tayil ba?

Alhaji: ...Shi ne.

Bazazzagi: To me Baturen zai kalla? Shagon cajin waya?

Alhaji: Sai in sa a yaɓe tayil ɗin da jar ƙasa, kwana biyu an gama.

Mai shayi: Ina za ka samo ƙasar?

Alhaji: Badala mana, da ɗan saura ta wajenmu.

Bazazzagi: Innalillahi! Abin da baƙin za su zo gani shi za ka kwashe a baro?

Alhaji: Ai ba ɓata za ta yi ba, gidana za ta koma, a can ma za ta fi samun tsaro. Mai shayi nawa ne kuɗina?

Mai shayi: Dubu biyu da ɗari biyar.

Alhaji: Rubuta. Turawa na fara zuwa zan turo.

Mai shayi: Yaro, miƙo min littafin nan na 'yan fim.