Numfashin mara lafiya da gashin furoton

Na gode da wannan labari kan yadda likitoci ke bin motsin numfashi yayin gashin ciwon daji da furoton, wato ƙona ƙari da hasken wasu ƙananan ƙwayoyin zarra da na'ura ke harbawa. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubutu, kuma abin ya taɓa ni, domin yayata ta yi fama da ƙari a huhu.

Abin da ya bambanta furoton da gashin da aka saba shi ne, yana shiga jiki ya sauke yawancin ƙarfinsa a wani zurfi da aka auna, ya tsaya cak. To amma ƙarin huhu ko na hanta ba ya zama wuri ɗaya. Duk jan numfashi yana hawa yana sauka, wani lokaci fiye da santimita 1, sai hasken ya kauce ya ƙona nama mai lafiya. Shi ya sa ake sa kyamara ta bi motsin ƙirji, na'ura ta saki haske a daidai lokaci guda na numfashin, ko a ce wa mutum ya riƙe numfashi. Mai tari fa, ina zai iya riƙewa? Na ga yayata, ko daƙiƙa 10 wahala ce gare ta.

Mu nan arewa ko gashin da aka saba sai mun dangana da kudancin ƙasar, kamar birnin Duwala. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.