Wai Bature ba shi da zumunci? Ku zo Tilos ku gani

Salamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da muke yawan yi a gida, ni kaina na sha faɗinta kafin na fito, wai Bature ba shi da zumunci, kowa tasa ta fishshe shi, maƙwabci zai mutu a ɗaki sai wari ya tona. Ban ce ƙarya ce gaba ɗaya ba, na yi shekara uku a Atens babban birnin ƙasar Girka kuma na zauna a bene mai hawa shida wanda har na bar shi ban san sunan mai ƙofar da ke kallon tawa ba. Amma tunda aiki ya kawo ni wani ɗan tsibiri a ƙasar Girka mai suna Tilos na daina yi musu kuɗin goro, don abin da na gani a nan wallahi ƙauyenmu na ƙasar Katsina yake tuna min, ƙauyen yadda na san shi ina yaro.

Tilos na tsakanin tsibirin Rodos da na Kos, kusa da gaɓar Turkiyya. Mutanensa duka ba su kai 800 ba, kuma garuruwa biyu ne kacal masu rai, Livadiya da ke bakin ruwa inda jirgi ke tsayawa da Megalo Horiyo can ciki a gindin dutse. Ni aikin fenti da shafa farar ƙasa da 'yan gyare-gyaren ɗakunan baƙi nake yi, shi ya sa nake zuwa tun farkon Maris kafin 'yan yawon buɗe ido su fara sauka. Wannan lokacin shi ne nake son ba ku labari, don shi ne lokacin da tsibirin yake na masu shi.

Abu na farko da ya ruɗa ni yanayi ne. Watannin da muke fama da zafin bazara a gida, Maris da Afrilu, ana neman inuwa ana sauraron hadari, su nan lokacin ne ƙasa ke yin kore shar kamar tsakiyar daminarmu, saboda ruwansu da sanyi yake sauka, zuwa watan Yuni komai ya bushe ƙayau. Duwatsu duk furanni, awaki suna yawo ba mai kiwo, tsofaffin mata kuma kowacce da 'yar wuƙa da leda sun bazu gefen hanya suna tsinkar ganyen daji da suke ce wa horta, a dafa a zuba man zaitun da lemon tsami. Ranar da na fara ganinsu sai da na tsaya, don daidai yadda innata ke fita neman tafasa da yaɗiya a yi kwaɗo, har sunkuyon iri ɗaya ne.

Gaisuwa kuwa ba ka isa ka wuce mutum ba ka ce kalimera ba, za a yi da kai. In baƙo ne kai tambayar farko da tsoho zai yi ita ce ɗan gidan wane ne kai, ba aikinka ko kuɗinka ba, sak irin tamu. Ranar ɗaya ga kowane wata har gaisuwarta daban, kalo mina, wato Allah ya sa a ga alherin watan. Kuma abin mamaki daƙuwarsu irin tamu ce, ka ware wa mutum yatsu biyar a fuska ka zage shi kenan. Wanda ya ɗauke ni lokaci kafin na saba shi ne yadda suke cewa a'a, mutum zai ɗaga gira ya yi wani ɗan sauti da harshe kamar tsaki, farkon zuwana raina ɓaci yake yi ina ganin wulaƙanci ne ashe ba komai a ransa, a'a kawai yake nufi.

Majalisarsu shagon kofi ce, kafeniyo. Dattawa su zauna da ƙaramin kofi ɗaya awa biyu suna buga wani wasan katako mai suna tavli kamar yadda namu ke buga dara a gindin bishiya, kowa da wani abu a hannu kamar carbi yana kaɗawa, komboloyi sunansa, ba zikiri suke da shi ba ɗebe kewa ce kawai. A nan ake sanin wanda ba shi da lafiya da wanda 'yarsa ta haihu a Rodos da wanda akuyarsa ta shiga lambun wani. Sau da yawa na tashi zan biya mai shago ya ce an riga an biya, ya nuna min wani dattijo da ido. Sannan in jirgin ruwa zai iso sai ka ga rabin gari a bakin tasha, wani na jiran magani wani buhun siminti wani ɗansa, wasu kuma ba abin da suke jira kallo kawai suka zo, kamar ranar da motar kasuwa ke shigowa ƙauye. In iska ta yi ƙarfi hukuma ta hana jirage tashi to shikenan sai haƙuri, kwana biyu uku kayan miya su yi ƙaranci a shago, wanda ke da ƙwai ya miƙa wa mai tumatir.

Tsohuwar da nake haya a gidanta kowa yaya yake ce mata, a yarensu kaka kenan, ni kuma sunan ya zo min daidai a baki. A 2025 azuminmu da nasu suka haɗu, mu muka ɗauka farkon Maris su kuma suka shiga nasu ranar Litinin 3 ga wata. Nasu ba irin namu ba ne, suna ci da rana amma masu riƙo da shi ba nama ba madara ba ƙwai har zuwa Ista, babban bikinsu na Kiristoci. Da ta fahimci ni ko ruwa ba na sha sai rana ta faɗi sai ta dafe kai tana ta maimaita pedi mu, pedi mu, wato ɗana. Daga ranar, da rana ta ɓuya bayan dutse zan ji sandarta a matattakala, ta hawo da kwanon miyar wake ko ta wani ɗan ƙaramin wake da suke ce wa fakes, da burodi da zaitun a ɗan faranti, ta rufe da tsumma mai tsabta, ta nuna kwanon ta ce babu nama a ciki in ci hankali kwance. Mace ce da gwiwa ke damunta, matattakalar nan goma sha huɗu ce, na roƙe ta ta bari in sauko in karɓa ta ƙi. Ni dai ban san me ake kira zumunci ba in ba wannan ba. Sallar idi kuwa sai da na bi jirgi zuwa Rodos, can akwai tsohon masallacin Ibrahim Pasha a cikin ganuwa da har yanzu ake salla, don Tilos babu masallaci.

Mutuwa ma haka. In an buga ƙararrawar coci a hankali ɗaya bayan ɗaya kowa ya san an yi rashi, shaguna su rufe, gari ya bi gawa. Suna addu'ar kwana uku da ta tara da ta arba'in, a dafa alkama da sukari a raba wa jama'a, koliva, har ni sai an miƙo min a 'yar takarda. Mu uku da bakwai da arba'in, na san malamai sun yi magana a kan wannan kuma ba fatawa na zo yi ba, ina faɗin abin da idona ya gani ne.

Makon Ista, wanda ya faɗo 20 ga Afrilu a shekarar, shi ne sallarsu babba. Kowa na shafe gidansa da farar ƙasa, mu masu fenti ba ma samun zama, 'ya'ya da jikoki suna ta dawowa daga Rodos da Atens jirgi cike. Daren Juma'a su zaga gari da wata makara da aka lulluɓe da furanni, daren Asabar ƙarfe goma sha biyu kowa da kyandir, ana harba abin wuta kamar bindigar hawan salla, washegari ƙwai da aka rina ja da naman akuya a kowane gida. Ni ba addinina ba ne kuma ban shiga ibadarsu ba, ba wanda ya matsa min, amma maƙwabcinmu da ya san ba zan ci yankansu ba sai ya miƙo min wuƙa ya ce in yanka ɗan akuya ɗaya da hannuna yadda addinina ya ce don mu ci tare.

To yanzu ga inda nake so mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Duk abin da na lissafa muna da shi, wani ma mun fi su, ba wanda zai koya wa Bahaushe ciyar da baƙo ko zaman makoki. Inda suka sha gabanmu shi ne zumuncinsu bai tsaya a bakin zaure ba, ya fito har kan titi. Tun ƙarshen 2021 tsibirin nan ya shiga wani tsari na raba shara, aka kwashe manyan kwandunan bola daga tituna aka rufe jujin garin, kowane gida aka ba shi jakunkuna, ta ragowar abinci daban, ta roba da kwalba da gwangwani da takarda daban, mota na bi gida-gida tana karɓa, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na sharar ana sake sarrafa ta. Satina na farko na haɗa ɓawon ayaba da gwangwanin kifi a jaka ɗaya, yaya ta zazzage jakar a gabana ta ware su da hannunta tana min bayani, ba da faɗa ba, amma na ga abin ya dame ta kamar na zubar mata da shara a tsakar ɗaki. A wurinta titin da bakin ruwan duk tsakar gidanta ne.

Mu kuwa matanmu za su share tsakar gida tas har a yayyafa ruwa, sannan a ba yaro sharar ya juye a kwatar ƙofar gida, ledar fiya wata ta toshe magudana, damina ta zo ruwa ya ci katangar maƙwabcin da muke gaisawa da shi kullum bayan sallar asuba, mu je mu yi masa jaje da zuciya ɗaya kuma. Abin nan yana min ciwo sosai. Na san za a ce ai su mutum 800 ne kuma akwai kamfani da kuɗin Tarayyar Turai a bayansu, gaskiya ne, wutar da suke samu daga injin iska da sola da manyan batura ma da tallafin Turai aka yi ta. Amma tun 1993 suka hana farauta a tsibirin don tsuntsaye, wannan ba kuɗi ba ne yarda ce ta jama'a. Kuma mu ma ai muna da aikin gayya, ina yaro kafin ruwan farko mai unguwa zai sa a yi shela samari su fito da shebur a yashe kwatoci, ba gwamnati ba kamfani. Ina abin nan ya tafi?

Ba aljanna ba ce fa. Gulma a nan ta fi ta gidan biki, ka yi tari a Livadiya a ji a Megalo Horiyo. Kaya da tsada tunda komai jirgi ke kawowa, ciwo in ya yi tsanani sai an kai mutum Rodos, kuma akwai waɗanda har yau kallon baƙar fata suke min ba sa amsa gaisuwa da sakin fuska, ko da yake tsibirin ya karɓi iyalan 'yan gudun hijira lokacin da wurare da yawa ke korarsu. Kewar kiran salla kuwa ba a magana.

Babban abin da ke cin ransu shi ne rashin yara. Ranar 25 ga Maris da suke bikin 'yancin ƙasarsu 'yan makaranta suka yi fareti, na ƙirga su a raina na ga duk tsibirin ba su cika aji ɗaya na firamaren garinmu ba, tsofaffi na tafi wasu na share hawaye. Akwai wani gari a saman dutse, Mikro Horiyo, bayan yaƙin duniya na biyu mutanensa suka watse wasu suka sauko bakin ruwa wasu suka tafi ƙasashen waje, yanzu kufai ne, gidajen dutse ba rufi awaki na kwana a ciki, cocin kawai ake kula da shi. Tsohuwar gidanmu yaya can aka haife ta. Wata Lahadi jikanta ya kai mu a mota ta nuna min ƙofar gidansu, ta tsaya ta cire ciyawar da ta fito a bakin ƙofar da hannu, gidan da ba wanda zai sake kwana a ciki.

Daren ranar na kira ƙanena a gida, ya ce zafi ya yi zafi hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na tambaye shi kwatar layinmu ya ce tana nan cike yadda na bar ta. Na tura masa kuɗin shebur huɗu da baro ɗaya na ce ya je ya gaida mai unguwa ya faɗa masa saƙona, ya ce zai je bayan sallar Juma'a, in samari sun fito zai turo min hoto.