Bakano Ya Fita Motsa Jiki

Bakano ya iso teburin mai shayi yana haki, ya zube a kan benci.

Bazazzagi: Kai Bakano, lafiya? Masu bin ka bashi ne suka biyo ka?

Bakano: Likita ne ya ce jinina ya hau, sai na riƙa motsa jiki. Na fita gudu da sassafe, mai adaidaita sahu ya kusa kwashe ni, yara kuma suka bi ni da ihun ɓarawo.

Bazazzagi: To ka je filin ƙwallon unguwarku mana.

Bakano: Wane fili? Ai tuni aka yanka shi shaguna.

Bazazzagi: Innalillahi! Waɗanne marasa imani ne suka saya?

Bakano: Biyu kawai na samu, na bakin titi.

Bazazzagi: Allah ya shirye ka. To gidan motsa jiki fa?

Bakano: In biya kuɗi duk wata don in yi gumi? A Kantin Kwari kyauta nake yin sa.

Bazazzagi: Mu manya ba ma gudu a titi. Ni folo zan shiga, wasan sarakuna tun zamanin Sarkin Katsina Dikko.

Bakano: Da wane dokin? Kai da keken ma na aro ne.

Mai shayi: Alhaji, jiya fa na ga autarka a lungu tana yanke samari da ƙwallon tsumma, ƙafa ba takalmi.

Bakano: Na hana ta! Ɗiya mace da guje-guje, wa zai aure ta? Yayanta na saya wa takalmin ƙwallo.

Bazazzagi: Wannan da ko katanga aka ce ya daka sai ya ɓarar? Ba ka ga Super Falcons, 'yan ƙwallon matan Najeriya, a Maroko ba a 2025? An ci su biyu, suka farke suka ƙara, aka tashi 3 da 2. Kofin Afirka na goma ke nan.

Bakano: Su ta shafa.

Bazazzagi: Shugaban ƙasa ya yi wa kowacce alƙawarin gida da dala 100,000.

Bakano ya ajiye kofin shayi a hankali.

Bakano: Kowacce? A canjin Wapa?

Mai shayi: Alhaji, maganar aure fa?

Bakano: Yi mana shiru. Mai dala tana rasa miji ne? Yau zan ƙwace takalmin nan in ba ta, in ya yi mata yawa a cusa tsumma.

Bazazzagi: To a ina za ta yi atisaye, tunda kun cinye filin?

Bakano: Akwai ɗan lungu tsakanin shagunana biyu. Ta riƙa bugawa tana duba mini kaya. In ta fasa gilashi kuma, a cikin dalar zan cire.